Inda Allura Ke Maƙalewa

Yatsunsa ne suka tona masa asiri. Malam Gidaɗo yana zaune cikin masu jiran sabunta fasfo a ofishin jakadancin Najeriya da ke unguwar Zamalek a Alƙahira, da jallabiyarsa ruwan toka da gemunsa da furfura ta fara ci, fayil a kan cinya. Jira ya yi tsawo, hankalinsa ya tafi wani wuri, sai yatsun hannunsa na dama suka hau buga fayil ɗin: uku da sauri, ɗaya a hankali, uku da sauri, ɗaya a hankali. Shi bai ma san yana yi ba.

Wani ma'aikaci mai sanƙo da tabarau ya zo wucewa da takardu a hammata, ya tsaya cak. Ya saurara. Sannan ya dunƙule hannun hagu ya ba da amsa a jikin ƙofa, bugu biyu masu nauyi, daidai inda ya kamata su faɗo.

"Gido," in ji shi. "Gido ɗan Fulani. Ko gemun nan ya kai cibiya na gane wannan hannun."

Shekara ashirin da biyar rabon da wani ya kira shi da wannan suna. Ya ɗaga kai ya ga Jesse. Abin da ya fara zuwa masa murna ce, ta gaske, har ya miƙe fayil ya zube ƙasa. Kafin su gama rungumar juna kunya ta riske shi, ta zauna masa a ciki daram.

A Alƙahira Gidaɗo mutum ne mai nauyi. Da girmansa ya zo yin digiri na uku a fannin fiƙihu, kuma ɗaliban Najeriya na unguwar Darrasa in sun sami saɓani wajensa suke kawo ƙara. Babu wanda zai dube shi ya ce bawan Allahn nan ya taɓa rungumar tsintsiya a matsayin jita, yana kaɗa kai har wuyansa ya sage kwana uku. Amma ya yi, kuma a zamaninsu babu wanda ya kai shi.

A 1986 ne, a makarantar kwana a Zariya. Gadonsu ɗaya mai hawa biyu, Gidaɗo a sama, Jesse ɗan Zonkwa a ƙasa. Yayan Jesse ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da garmaho a ɗakinsa na kwatas ɗin reluwe, can suke tarewa duk Asabar ɗin da aka ba su fita. Irin kiɗan da suka haukace a kansa Turawa na ce masa hebi metal, su kuwa suka raɗa masa kiɗan ƙarfe. A kasuwar Sabon Gari akwai wani mai tsofaffin littattafai da yake ajiye musu mujallun Ingila, waɗanda sai sun yi wata shida ko shekara kafin su iso, sau da yawa ma an riga an yage hoton tsakiya. Ba su damu ba. Sun san sunan mai gangar kowace ƙungiya, sun san wanda ya yi fushi ya fita da wanda aka ɗauko a madadinsa. Sukan kusa dambe a kan wace ƙungiya ta fi wata, alhali duka biyun ba su taɓa jin sautinsu ba, abin da aka rubuta kawai suka karanta.

Faifai ɗaya tak suka taɓa mallaka, shi ma da karo-karo. A kwalinsa an zana wani baƙin rago mai ƙahon ƙarfe tsaye a kan gadar jirgin ƙasa, don haka Baƙin Rago suke ce masa. Jesse, da yake bahago ne, ya rubuta G da J a tsakiyar faifan da biro, rubutun a karkace. Suka kafa doka don kada wani ya yi wa wani rowa: ɗaya ya riƙe faifan cikin rigar matashi, ɗaya ya riƙe kwalin mai ɗauke da baitocin waƙoƙin, duk ƙarshen wata a yi musanya. Wata rana Gidaɗo yana tsakiyar haukarsa da tsintsiya gwiwar hannunsa ta bugi garmahon, allura ta karci faifan a fuska ta biyu, waƙa ta uku, daidai inda jita ke hawa. Tun daga ranar in an zo wurin sai allurar ta maƙale ta yi ta maimaita abu ɗaya, sai an tashi an ɗan taɓa ta da yatsa ta tsallake. Wannan aikin mai riƙe da kwali ne, haka dokar ta ce.

Da suka shiga jami'a Gidaɗo ya kama addini gadan-gadan, ya daina jin kiɗa. Wannan ba abin kunya ba ne, har gobe bai yi nadamarsa ba. Abin kunyar ya faru ne wata Asabar a 1989, a wani fili a bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, inda samari suka hura wuta kowa yana jefa abin da ya tuba daga gare shi. Faifan yana hannunsa a watan. Da ya jefa shi ya yi shiru da an wuce wurin. Amma aka miƙo masa lasifika, ya ji daɗin yadda jama'a suka yi tsit suna saurarensa, sai ya ce ba shi ya kai kansa ba, wani ne ya ja shi. Ya faɗi sunan Jesse, da garinsu, da addininsa. Babu wanda ya tambaye shi. Faifan ma bai ci wuta yadda ake so ba, lanƙwashewa ya yi yana wari. Abin da ya riƙa kwantar wa Gidaɗo da hankali shi ne Jesse ya ce zai je gida a ƙarshen makon. Daga ranar in ya hango shi sai ya sake hanya, har suka gama karatu kowa ya kama gabansa.

Yanzu ga su a wani ɗan ofis, Jesse ya sa an kawo shayi, yana ta zuba labari: aure, 'ya'ya uku, yayansa na reluwe ya rasu.

"Ka san kwalin yana wajena?" in ji Jesse. "Duk inda aka tura ni aiki da shi nake tafiya. Bamako, Khartum, yanzu nan. Kwanan baya ma na tsinci garmaho a wani shagon tsofaffin kaya, an gyara mini shi tamam." Ya kurɓi shayi. "Faifan fa?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Mutumin da yake raba gardama tsakanin ɗalibai, yana ce musu a faɗi gaskiya a huta, sai ya ji bakinsa ya ce, "Yana nan."

"Nan Masar?"

"Cikin kayana."

Jesse ya dube shi ta saman tabarau, ya ɗan jima. "To, khalas, shi ke nan. Asabar ta sama, bayan la'asar. Matata Marta za ta yi mana gwaten acha. Ka zo da shi."

Kwana goma ke gare shi, kuma yadda ya kashe su ba abin faɗa wa ɗalibai ba ne. Da safe sai ya ajiye jallabiya ya sa riga da wando, ya bi ta bayan layi don kada ya haɗu da idon sani, ya hau mota zuwa kasuwar Ataba. Ya tone rumfunan tsofaffin littattafai na Azbakiyya, ya shiga lungunan tsakiyar gari yana tambayar masu tsofaffin kaya ko suna da ustuwana, wato faifai. Suna da shi jibgi, na mawaƙan Masar na da. Matarsa Sabuwa ta ga yana dawowa da ƙura har gira.

"Malam, wane littafi ne wannan da ya gagari shagunan Darrasa?"

"Tsoho ne," in ji shi. "An daina yin irinsa."

Rana ta bakwai aka kwatanta masa wani ɗan shago a ƙarshen wani lungu, na wani mai gyaran rediyo da ake kira Amm Hussain, mai furfura har kafaɗa ya ɗaure ta a ƙeya. Sunan ƙungiyar ya ƙi fita daga bakin Gidaɗo a gaban mutane, sai ya ɗauki takarda ya zana rago a kan gada. Hussain ya dubi zanen, ya dubi gemun, ya dubi tabon sallar da ke goshinsa, ya yi dariya har da tari. Ya shiga ciki ya fito da shi, kwali fes kamar jiya aka yi.

"Wannan ba na sayarwa ba ne, ya Sheikh, nawa ne," in ji shi da Larabci. "Lokacin da aka yi ta kamen samari masu baƙaƙen riguna a garin nan saboda irin wannan kiɗa, abokaina duk a kogi suka zubar da faya-fayansu. Ni cikin buhun albasa na kai nawa gidan gwaggona a ƙauye. Ko ɗaya ban yar ba. Kai me za ka yi da shi?"

"Ni da wani abokina muka mallaki irinsa muna yara. Ya ɓace a hannuna."

"Ma'alish, ba komai. Ɓata ba laifin kowa ba ne." Hussain ya shafa kwalin, sannan ya tura masa. "Tunda don aboki ne, ɗauka. Ka gaishe shi."

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma wannan karon mutumin kirki ya cuta. Ya sani sarai, yana tafe zuwa tasha yana istigfari, amma bai juya ba.

Washegari da Sabuwa ta leƙa maƙwabta ya kulle ƙofar ɗakin karatunsa. Ya ture takardun babin da yake rubutawa, wanda Allah da ikonsa a kan sharuɗɗan karɓar shaida ne, ya kwantar da faifan. Ya riƙe biro da hannun hagu ya gwada a takarda sau ashirin, sannan ya rubuta G da J a karkace. Ya jiƙa auduga da shayi ya goga a kan rubutun don ya tsufa. Ya tura sabon kwalin ƙarƙashin katifa, ya zare rigar wani tsohon matashi ya sa faifan ciki. Ya duba aikinsa ya ga ya yi kyau, kuma kyan da ya yi ya fi komai ƙona masa rai.

Gidan Jesse yana hawa na huɗu, taga tana kallon itatuwa. Marta ta tare shi da fara'a.

"Sannu da zuwa, Malam. Ashe kai ne Gidon da aka cika mini kunne da shi shekara da shekaru."

Aka ci gwate. Jesse ya jawo wata jaka ya zazzage mujallu shida da suka tsira, takardun sun yi ja, gefensu ya cinye. Suka duƙufa a kai kamar ba su ne masu furfura ba. Ga shafin wasiƙun masu karatu, inda suka aika tasu wasiƙar har sau uku ba a taɓa bugawa ba. Ga hoton mai gangar da Gidaɗo ya rantse ya fi kowa a duniya, Jesse ya ce ko kalangu ba zai ba shi ya riƙe masa ba. Suka tayar da musun daga inda suka ajiye shi. Gidaɗo ya yi dariya har da hawaye, ya manta da abin da ke jingine a gefen kujerarsa. Rabon da ya saki jiki haka da wani mahaluki ya manta, ya kuma gane irin kewar mutumin nan da ya daɗe yana yi bai yarda ya faɗa wa kansa ba.

"Yalla," in ji Jesse. "Kawo."

Ya zare faifan daga rigar matashin, ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, yadda suka koya a mujalla. Ya dubi rubutun tsakiya ya daɗe. Ya ɗora shi, ya aza ƙwandala a kan hannun allurar kamar yadda suke yi a kwatas, ya koma ya zauna da tsohon kwalin a cinya, kusurwoyinsa duk an liƙe da salatif.

Aka ji ɗan ƙaras-ƙaras ɗin nan na farko, sannan ganga ta faɗo. Gidaɗo ya ƙudurta zai zauna ne kawai don zumunci, hannu a kan gwiwa. Kafin waƙa ta biyu ƙafarsa ta ci amanarsa. Ɗakin reluwe ya dawo masa gaba ɗaya, warin kananzir da risho, da fankar da ba ta juyawa sai an tura ta, da yayan Jesse yana leƙowa yana cewa za su kashe masa lasifika. Jesse ya juya faifan. Waƙa ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce.

A farkon ta uku ne jikinsa ya tuna abin da kansa ya manta. Jita ta fara hawa, tsikar jikinsa ta tashi, ya san nan da numfashi biyu allura za ta maƙale. Ya saci kallon Jesse, don aikin mai kwali ne. Jesse bai motsa ba. Kafin ya yi tunani sai ga shi tsaye a gaban garmahon, yatsa a miƙe.

Allura ba ta maƙale ba. Jitar ta wuce sumul, ta hau wani wuri da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, ɗan guntun da karcewar ta haɗiye musu tun suna yara, ta yi wani kuka siriri ta sauko. Yana tsaye da yatsa a iska. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Abin da ya fi kashe masa jiki kuwa shi ne zaman da Jesse ya yi. Wanda yake tsammanin allura za ta maƙale ba ya zama haka.

"Ashe abin da ke wurin ke nan," in ji Jesse a hankali. "Yana da daɗi."

Ya tashi ya ɗage allurar. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar kwanuka daga kicin.

"Jesse, ba shi ba ne. Namu na ƙone shi."

"Na sani."

"Ba ƙonawar kaɗai ba. Na kira sunanka a gaban..."

"Ina wurin, Gido. Ban je gida ba, motar ce ta lalace tun a tasha. Na tuna ƙarshen wata ne, na ce bari in kawo maka kwalinka. Aka ce kana fili. Ina tsaye a bayan darbejiyar nan, abin nan yana cikin rigata."

Gidaɗo ya zauna a hannun kujera. "To me ya sa ka ce in zo da shi?"

"Na ce ko za ka ce mini, Jesse, na ƙone shi. Shi ke nan fa. Da mun ci gwate mun yi dariya." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ƙonawar ban taɓa riƙe ka da ita ba, abin da ka yi imani da shi ne. Sunan nawa ya yi mini ciwo. Wata uku ban iya shiga ɗakin cin abinci ni kaɗai ba. Shi ma na ce yaranta ce, na ajiye tun kafin in yi aure. Amma wannan ba yaro ya yi shi ba." Ya nuna tsakiyar faifan. "Zama ka yi da gemunka ka kwaikwayi hannuna."

"Ka yafe mini."

"Na yafe. Wannan ba wuya."

Ya faɗe shi ba tare da ɗaci ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi wa Gidaɗo sauƙi. Jesse ya mayar da faifan cikin rigar matashi ya miƙa masa.

"Ka mayar wa mai shi. Duk wanda ya adana faifai haka babu ko ƙwarzane, ba don ya rabu da shi ya adana ba." Sannan ya ɗauko tsohon kwalin, ya dubi ragon sau ɗaya, ya ɗora masa a kai. "Wannan kuma naka ne. Tun ranar zagayenka ne, ni ajiya kawai nake yi."

Marta ta fito ta ce ai da ya tsaya an sha shayi, ya ce magariba ta kusa. Jesse ya raka shi bakin ƙofa. Gidaɗo ya tsaya a kan matakala, kaya rungume a ƙirji, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na ƙarfin hali.

"Ƙarshen wata in dawo maka da kwalin?"

Jesse ya mayar da tabaransa, ya yi tunani da gaske, kamar mai neman hanyar da zai ce to.

"In ka kawo, me zan ba ka?" Ya riƙe ƙofar. "Ka gaida gida, Malam."